Babu Ruwana Da Kuɗin Ruwa

A bakin layinmu akwai wani mai tireda da na haura shekara goma ina sayayya a wurinsa. Shagon ba wani babba ba ne: sukari, madara, taliya, omo, magi, man gyaɗa a jarka, sai buhun shinkafa ɗaya a bakin ƙofa da yake aunarwa da kwano. Bayan sallar isha'i akan jera benci biyu tsakanin shagon da teburin mai shayi, nan ce majalisarmu. A nan ake naɗa shugaban ƙasa a sauke shi, a raba muƙaman ministoci, duk kafin shayi ya huce.

Ina zaune a wurin ranar da aka ji a rediyo cewa Babban Bankin Najeriya ya sake ɗaga kuɗin ruwa, ya kai shi kashi 27.5 cikin ɗari. Ƙarshen watan Nuwamban 2024 ke nan. Akwai wani yaro a cikinmu da ya karanta tattalin arziki a jami'a, yanzu yana sana'ar POS a ƙarƙashin lema. Ya gyara zama zai yi mana fashin baƙi, sai mai shagon ya tari numfashinsa.

"Kai ɗan boko, dakata. Ni babu ruwana da kuɗin ruwa. Tunda aka haife ni ban taɓa cin bashin banki ba, kuma da yardar Allah har in koma gare Shi ba zan ci ba. In sun ga dama su kai shi kashi ɗari."

Aka bushe da dariya, aka ce Alhaji ya gama magana. Ni ma na yi dariyar. Sai da na kwanta na tuna cewa bai fi sati biyu ba da mutumin nan ya tsare ni da ƙorafi a bakin kantarsa. Ya ce a da in ya shiga kasuwar Singa, dilan da yake sara a wurinsa sai ya loda masa kaya, ya ba da abin da ke hannunsa, ragowar sai bayan sati biyu ko uku in ya yi ciniki. Shekara da shekaru haka suke yi, ba takarda, ba shaida, sai amana. Yanzu kuwa dilan ya ce kuɗi hannu, ko katan ɗaya ba ya fita sai an ga alat. Alhaji ya ɗauki abin wulaƙanci, har ya ce mutumin ya yi kuɗi ne ya canza hali.

Dilan bai canza hali ba. Shi ma kamfanin da yake ɗauko kaya a wurinsa ya daina ɗaga masa ƙafa, sai ya tura kuɗi kafin a loda masa tirela. Kamfanin kuma da bashin banki yake sayo alkama da ɗanyen sukari da man dizal, bankin kuwa yana karɓar ruwan da ya haura kashi 30 cikin ɗari a shekara. Wanda yake biyan irin wannan ruwa ba zai bar kuɗinsa ya yi sati uku a hannun wani ba, domin kowace rana da kayan suka kwana a waje ba a biya ba, asara ce take hawa kansa. To ka ga ruwan ya taso daga Abuja, ya bi ta Legas, ya sauka a Singa, ya shigo shagon Alhaji, ya ƙarasa cikin ƙullin sukarin da 'yata take zuwa saye da safe don koko. Alhaji bai ci bashin banki ba, wannan gaskiya ne. Amma yana biyan ruwansa kullum, ni ma ina taya shi biya.

Shi ya sa nake ganin shirun da muke yi a kan wannan batu, musamman mu 'yan Arewa, sakaci ne muka ɗinka masa rigar tsoron Allah.

Ga yadda abin yake. Kusan duk bayan wata biyu wani kwamiti na mutum 12 yakan zauna a hedikwatar Babban Banki da ke Abuja, gwamnan bankin yana jagoranta, su yanke farashin kuɗi. E, kuɗi ma yana da farashi kamar gero. Adadin da suka yanke shi ne ma'aunin da sauran bankuna suke ɗora nasu a kai in za su ba da rance. Har farkon 2022 ma'aunin yana kashi 11.5. Ranar da Bola Tinubu ya karɓi rantsuwa, 29 ga Mayun 2023, ya riga ya kai 18.5. Olayemi Cardoso ya karɓi ragamar bankin a Satumban wannan shekarar, aka ji shi shiru na wasu watanni, sannan a zaman kwamitinsa na farko a Fabrairun 2024 aka yi tsalle daga 18.75 zuwa 22.75 a tashi ɗaya. Daga nan kowane zama sai an ƙara, har aka dire a 27.5. Ban da wannan kuma, a Satumban 2024 aka umarci bankunan kasuwanci su kai rabin duk ajiyar jama'a da ke hannunsu Babban Banki a kulle, kada su ba da ita rance. Sai a Satumban 2025 aka ɗan sassauta, aka rage rabin maki ya koma 27, karo na farko da aka rage cikin shekara biyar.

Hujjar da ke cikin littafi mai sauƙi ce. In kuɗi ya yi yawa a hannun mutane, kaya kuma ba su ƙaru ba, farashi zai tashi. To sai a tsadar da bashi, mutane su rage ci su rage saye, kasuwa ta huce. A Amurka ko Ingila wannan magani yana ci, domin can kusan kowa a cikin bashi yake rayuwa. Gidan da yake kwana bashi ne, motar da yake hawa bashi ce, har cefane da katin bashi ake yi. Ka ƙara masa ruwa rabin maki, ƙarshen wata zai ji a jikinsa, ya fasa sayen sabuwar talabijin.

Mu fa? Binciken da cibiyar EFInA ta yi a 2023 ya nuna kashi 47 na baligai a Arewa maso Yamma ba su da hulɗa da kowace irin cibiyar kuɗi, ko da ta asusun ajiya ce. Wane ne ya je Dawanau ya sayi buhun gero don bashi ya yi masa araha? Matar da take auna rabin kwano don tuwon dare, ba kuɗi ne ya yi mata yawa ba. Ba za ka rage mata saye da kuɗin ruwa ba, ta riga ta rage har ƙashi.

Kowa a majalisarmu ya san abin da ya tayar da farashi, ko da bai iya faɗinsa da Turanci ba. A jawabin rantsuwar Tinubu aka ce tallafin mai ya tafi, cikin kwana biyu lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Bayan sati biyu da wancan jawabi aka saki naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa. Dalar da gwamnati take sayarwa naira 460 da 'yan kai ta koma wajen 750, a Fabrairun 2024 kuma 'yan canjin Wapa sun kira ta har kusan 1,900. A Afrilun shekarar aka ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga masu layin da ake cewa na ɗaya ne, inda yawancin masana'antu suke. Sannan ga babbar masifar da ta girmi duk waɗannan: gonakin Zamfara da Katsina da Sakkwato da Birnin Gwari da wani yanki na Neja da aka bar wa ciyawa, ko kuma manomi ya biya 'yan bindiga haraji kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Ga ambaliya, wadda a Satumban 2024 ta ɓalle madatsar Alau ta cinye rabin Maiduguri. Ga kuma abin da mutanen bakin iyaka suka fi kowa sani: da naira ta faɗi, sefa ta yi ƙarfi, ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram in ya canza kuɗinsa sai ya ga hatsinmu kamar kyauta, ya loda ya tsallaka. Ba laifinsa ba ne, mu ma da haka za mu yi.

Cikin duk waɗannan, wanne ne kuɗin ruwa yake warkarwa? Kashi 27.5 ba zai kori ɗan bindiga daga dajin Rugu ba. Ba zai rage kuɗin dizal ɗin tirelar da take ɗauko tumatir daga Kadawa zuwa Legas ba. Shi ya sa aka shekara ana ƙara ruwa, hauhawar farashi ma tana ƙaruwa, daga kashi 22 da ɗoriya a Mayun 2023 har 34.8 a Disambar 2024, ta abinci kuwa ta haura 40 a tsakiyar shekarar. Mata masu gurasa sun fito zanga-zanga a Kano a Fabrairun 2024 saboda tsadar fulawa, mutanen Minna sun tare hanya a satin da ya biyo baya, a Agusta kuma kowa ya ga yadda zanga-zangar tsadar rayuwa ta ɓarke a sassan ƙasar. A iya wannan, zan iya cewa an bar jaki ana dukan taiki.

Amma in na tsaya a nan na yi son kai, kuma yaron nan mai POS ba zai bar ni ba, domin ya taɓa ƙure ni a kan wannan. Akwai gefen da Cardoso yake da gaskiya, kuma gefe ne da mu 'yan Arewa ba mu son a taɓo, saboda ɓarnar a zamanin namu aka yi ta.

A shekarun Buhari, in gwamnati ta rasa kuɗi sai ta miƙa hannu Babban Banki, gwamnan bankin na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba ta. Wannan ba rance ba ne irin wanda aka sani, ƙirƙiro kuɗi ne daga babu. Da aka zo lissafi ya kai naira tiriliyan 22.7, majalisar dattawa ta amince a mayar da shi bashi na dogon zango a Mayun 2023, ana saura 'yan kwanaki gwamnatin ta sauka. Ga kuma shirin ba manoma rance da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, wanda aka zuba wa sama da naira tiriliyan ɗaya. Wasu manoman gaskiya sun amfana, na sani. Amma kowa ya san wanda ya karɓa ya ƙara aure, da wanda ko fartanya bai taɓa riƙewa ba ya zama manomin shinkafa a takarda, da waɗanda suka ce rabonsu ne na arzikin ƙasa, ba za su biya ba. An jera dalar shinkafa a Abuja a Janairun 2022 an ɗauki hoto, farashin bai sauko ba. Ruwa ba ya tsami banza. Kuɗin da aka ƙirƙiro ba tare da kayan da za su tsaya masa ba, dole wata rana ya fito a farashin mudu.

Sannan ga dala mai farashi biyu. Mai uwa a gindin murhu ya karɓa a 460, ya aika yaronsa Wapa ya sayar a 750. Tun 2016 Malam Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya riƙe bankin daga 2009 zuwa 2014, ya yi kashedi cewa da irin wannan tsari mutum zai iya zama a lambun gidansa ya tara biliyoyi da kiran waya kawai. Wannan tagar an rufe ta, kuma ban ga talakan da ya kamata ya yi kukan rufe ta ba.

In ka duba da kyau, ta wannan hanyar ce kaɗai tsadar ruwa ta yi aiki a Najeriya, ta hanyar dala. Da gwamnati ta fara biyan sama da kashi 20 a kan takardun bashinta, masu jujjuya kuɗi na Landan da New York suka ga garaɓasa, suka kawo dala suka canza suka saya. Attajiran gida da suke ɓoye dala a ƙarƙashin katifa su ma wasu suka fito da ita. Dala ta samu, naira ta daina gangarawa, a 2025 ta zauna a wajajen 1,500, tazarar da ke tsakanin banki da 'yan canji ta kusa ɓacewa. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da yake odar yadi daga Sin zai gaya maka wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya ce gara dala mai tsada da ta tsaya wuri ɗaya da wadda za ka yi ciniki da safe, la'asar ta cinye ribar har da uwar kuɗi. Na yarda da shi. Abin da nake tsoro kawai, irin wannan kuɗin baƙo ne mai takalmi a ƙafa. Ba masaƙa ya zo ginawa ba. Ranar da ya ji wani wuri ya fi maiƙo, ko ya ga ƙurar zaɓe ta taso, kafin a wayi gari ya kama hanya.

To wa yake biyan ladan wannan baƙon? A nan ne maganar Alhaji ta fi ba ni tausayi. A kasafin kuɗin 2025 na naira tiriliyan 54.99, sama da tiriliyan 14 biyan bashi aka ware wa. Ya fi abin da aka ware wa ilimi da lafiya in an haɗa su, nesa ba kusa ba. Daga ina kuɗin yake fitowa? Daga man da aka haƙo, wanda na kowa ne, da harajin da ke cikin katin waya da buhun siminti da duk abin da aka shigo da shi ta tashar ruwa. Duk lokacin da kwamitin nan ya ƙara maki ɗaya, sabon bashin da gwamnati za ta ci a cikin gida ya ƙara tsada, kuma abin da ya tafi biyan ruwa shi ne bai zama allura a asibitin unguwarmu ba. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Na gwamnati kuwa har jaririn da aka haifa jiya yana da kasonsa.

Akwai kuma waɗanda kakarsu ta yanke saƙa. Ka sa kanka a kujerar manajan banki a 2024. Ga mai injin casar shinkafa daga Kura ya zo neman rancen miliyan hamsin, wuta ba tabbas, hanya ba tsaro, kasuwa ba tabbas. Ga kuma takardar gwamnati da za ta ba ka ribar kashi 20 da ɗoriya kana kwance a ɗaki, ba zuwa duba gona, ba kotu. Wanne za ka zaɓa? Ban ga laifin manajan ba. A 2024 fiye da banki ɗaya ya sanar da ribar da ta haura naira tiriliyan ɗaya, a shekarar da magidanta suke cire nama daga lissafin cefane. Mai ƙaramin asusun ajiya kuwa, ka'ida ta ce a ba shi kashi 30 cikin ɗari na ma'aunin Babban Banki, wato wajen kashi 8 a shekara, kuma in ya cire kuɗi fiye da sau huɗu a wata ya rasa. Wane talaka ne yake cire kuɗi ƙasa da sau huɗu a wata? Ga kuma da yawa daga cikinmu da ko an ba su ba za su taɓa ba.

Duk wanda ya taso a Kano ko Kaduna ya san yadda masana'anta take mutuwa. Mun ga Kakuri bayan masaƙu sun rufe, mun ga rumfunan Bompai da Sharada da Challawa da suka koma ɗakunan ajiyar kayan Sin. Waɗancan wuta da fasa-ƙwauri da faɗuwar naira tun zamanin SAP, shirin tsuke bakin aljihu na 1986, suka kashe su. Waɗanda suka rage da 'yan ƙananan da suka taso, masu leda da masu man gyaɗa da masu casar shinkafa, an ce su ci bashi a wajajen kashi 30. Wace halastacciyar sana'a ce take kawo ribar da za ta biya wannan, ta biya dizal, ta biya ma'aikata? Mai masana'antar ba zai yi zanga-zanga ba. Zai rage aikin dare ne, ya sallami mutum ashirin, su dawo unguwa su sayi baro ko su nemi Adaidaita Sahu ta haya.

Yanzu in dawo kan rigar tsoron Allah. Riba haramun ce, babu musu, aya ta 275 ta Suratul Baƙara ta raba gardama: Allah Ya halatta ciniki, Ya haramta riba. Alhaji ya yi daidai da ya ƙi ci. Amma ƙin cin abu daban, ƙin sanin yadda yake cin ka daban. Malamanmu suna yi mana wa'azin ribar ɗaiɗaikun mutane, ban cika jin wanda ya hau mumbari ya tambayi nawa jiharsa ta ranto bana, a kan ruwa nawa, me aka yi da shi ba. Muna da bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, Jaiz tun 2012, TAJ tun 2019, Lotus tun 2021, gwamnatin tarayya ma ta fara fitar da sukuk, wato takardun tara jari marasa ruwa, a 2017 da naira biliyan 100, ana yin tituna da kuɗin. Alheri ne. Sai dai su ma a kasuwa ɗaya suke ci da sauran. In ka je a saya maka mota ko injin niƙa ka biya a hankali, ribar da za a ɗora maka tana kallon ma'aunin Abuja ne, in ya hau ta hau. Ladan hayar sukuk na farko kashi 16 ne da ɗoriya, na 2025 ya kusa 20. Ko ta ƙofar halal ka shiga, iskar ɗakin ɗaya ce.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba a banki yake ba. A ƙauyukanmu, in damina ta yi tsakiya rumbu ya ƙare, manomi yakan je wurin mai hali a ba shi buhu ɗaya ya biya biyu da kaka, ko a ba shi kuɗin taki a yanke masa farashin amfaninsa tun yana ganye. Wata huɗu, ninki biyu. Ka lissafa wannan a shekara ka gani ko akwai bankin da ya kai shi rashin imani. Ba a kiransa kuɗin ruwa, taimako ake ce masa, kuma mai bayarwar a sahun gaba yake sallah. A birni kuma ga manhajojin bashi a waya, waɗanda suke ba yaro dubu ashirin na sati biyu, in ya makara su bi lambobin da ke wayarsa suna aika wa surukansa saƙon cin mutunci. Inda rance mai sauƙi ya gagara, irin waɗannan ne suke cike gurbin.

Da za mu zauna mu tattauna wannan a majalisa da na ji daɗi. Amma da an taɓo tattalin arziki sai kowa ya koma ɓangarensa. Wanda ya yi Buhari jiya ya ce duk Tinubu ne ya jawo. Wanda ya yi tikitin Musulmi da Musulmi ya sunkuyar da kai, ko ya ce gyara ne, sai an sha wuya. Wani ya ce ai gwamnatin Yarbawa ce, komai Legas ake kaiwa. Mai jar hula da wanda ba ya sa ta su kaure, a manta da abin da aka fara. Ba mai son a tuna masa cewa a 2023 Tinubu da Atiku da Peter Obi duk sun yi alkawarin cire tallafin mai, kuma kasafin ƙarshe da Buhari ya sa wa hannu bai tanadi kuɗin tallafin ba sai zuwa watan Yuni. Rigimar gaskiya ba a kan cirewa take ba, a kan yadda aka cire ne, ba shiri ba tanadi, a haɗa da sakin naira cikin sati biyu, da kuma inda rarar ta tafi.

Inda ta tafi kuwa ba ɓoyayye ba ne. Kafin a cire tallafi, abin da ake rabawa duk wata tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi bai cika kai naira tiriliyan ɗaya ba. A wasu watannin 2025 ya haura tiriliyan biyu. Gwamnonin Arewa 19 suna cikin masu karɓa. Kotun ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ka je sakatariyar ƙaramar hukumarku ka ga ko ka ga alama. Muna iya kwana muna zagin Cardoso, wanda yawancinmu ko hotonsa ba mu sani ba, amma gwamnan da muke gani da jiniya kullum, in ya raba shinkafa kwano biyu da azumi sai mu ce Allah Ya maimaita. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a Yulin 2024, a lokacin da buhun shinkafa ya fi wannan kuɗi, kuma har a hakan sai da aka yi ta jan ƙafa kafin wasu jihohi su fara biya.

Ra'ayina ke nan a kan Babban Banki: an bar masa aikin da ba nasa ba. Shi makami ɗaya gare shi, ya tsadar da kuɗi ko ya arahar da shi. Tsaron gona, hanyar kai amfani kasuwa, wuta, noman rani, rage almubazzaranci, duk aikin waɗanda muka zaɓa ne. In su suna ci gaba da cin bashi suna sayen jiragen sama da motocin alfarma, shi kuma yana ƙara ruwa don ya tsane kuɗin da suke zubawa, to ɗaya yana hura wuta ne ɗaya yana yayyafa ruwa, mu kuma muna cikin tukunyar. Ba na cikin masu cewa a karya ruwan gobe da safe ya koma kashi 10, in an yi haka dala za ta tsere, mu koma gidan jiya. Amma duk mai neman ƙuri'ata a 2027, daga ɗan majalisar jiha har shugaban ƙasa, ina so in ji ta bakinsa a kan bashin da zai ci da wanda zai daina ci, da yadda mai injin casa na Kura zai samu jari ba tare da ya bi ta hannun ɗan siyasa ba. Bankin Manoma yana nan da hedikwatarsa a Kaduna, shekara nawa yana numfashi sama-sama.

A 2025 an ce mana alƙaluma sun gyaru. Wani ɓangare na gyaran a takarda aka yi shi: Hukumar Ƙididdiga ta sauya ma'aunin lissafinta, hauhawar farashi ta sauko daga 34.8 a Disamba zuwa 24.48 a Janairu, ba tare da an rage ko sisi a shagon Alhaji ba. Daga baya ta ci gaba da sauka da gaske. Sai dai mutane suna ji a rediyo an ce ta sauka, su je kasuwa su ga ba haka ba, su ce ƙarya ake yi. Ba ƙarya ba ce, saukar hauhawa tana nufin farashi yana hawa a hankali ne maimakon a guje, ba wai ya dawo inda ya baro ba. Hatsi kam ya sauko sosai, bayan kaka ta yi kyau kuma gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150 tun a 2024. Mu na birni muka yi hamdala. Ƙanin mahaifina da yake noma a ƙauye bai yi ba. Ya ce mini ya sayar da buhun masara, kuɗin bai saya masa buhun taki ba, baɗi rabin gonar zai shuka, daidai abin da gidansa zai ci.

Kwanan baya na je sayen madara, na tarar Alhaji ya yanki kwalin taliya ya rubuta da jan biro ya rataye a jikin kanta: BA BASHI, DON ALLAH A YI HAƘURI. Na ce Alhaji, har mu? Ya ce wallahi Malam ba don ku ba ne, a Singa ne aka matse ni, in na bayar ban da abin sarowa. Muna cikin magana wata yarinya ta shigo da kwano a hannu, ta ce in ji babarta a ba ta shinkafa gwangwani uku da magi, in babansu ya dawo za a kawo. Ya dubi kwalin, ya dube ni. Sannan ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya jawo wani tsohon littafin makaranta da bangonsa ya cire, ya lashi yatsa ya buɗe shafin gidansu, wanda ya riga ya cika har gefe, ya nemi ɗan wuri a ƙasa ya rubuta.